Babi na Shida: Tsintacciyar Mage

A tsakiyar shekarar 1910 hukumar birnin Santambul ta yanke shawarar raba garin da karnukansa. Sabbin masu mulki, waɗanda tarihi ya sani da Matasan Turkawa, ba su daɗe da karɓar ragama ba, kuma burinsu shi ne birnin ya zama tsaran Paris da Landan. A ganinsu kare kwance a tsakiyar hanya abin kunya ne a idon baƙi. Aka ɗauki 'yan ƙwadago aka ba su manyan awartaki, suka bi unguwa-unguwa suna damƙar karnuka suna jefawa cikin keji. Daga nan aka loda su a jiragen ruwa zuwa Sivriada, wani ɗan tsibiri a tekun Marmara wanda dutse ne zalla, ba inuwa ba abinci. Dubun dubata aka kai. Adadin da aka fi ambata shi ne 80,000.

Yunwa da ƙishirwa suka gama da su. Wasu sun ci 'yan uwansu, wasu sun faɗa teku suna bin jiragen da ke wucewa har ƙarfinsu ya ƙare. Talakawan birnin ba su goyi bayan wannan aiki ba, da yawansu sun ɓoye karnukan unguwarsu a gidaje da shaguna. Da girgizar ƙasa ta afka wa yankin Marmara a 1912, yaƙin Balkan ya biyo baya daular Turkawa ta rasa kusan duk ƙasashenta na Turai, sai jama'a suka ce ai dama, alhakin bayin Allah ne. Da Bahaushe ne a wurin da cewa zai yi alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Kuma duk da wannan kisa, ba a ɗauki shekaru masu yawa ba karnuka suka sake cika titunan Santambul.

Kafin 1910 karnukan nan ba su da iyayen gida, amma ba za a ce ba su da kowa ba. Kowace unguwa da nata, sun san iyakarsu, baƙon kare ba ya ƙetare ta ya kwana lafiya. Su ke cinye sharar abinci, su ke haushi in ɓarawo ya shigo ko gobara ta tashi da dare, a garin da yawancin gidajensa na katako ne. Mutane ba sa shigar da su ɗaki, amma suna ajiye musu ruwa a ƙofar gida. Akwai ma masu sana'ar yawo da hanta da huhu a rataye jikin sanda, ka biya su su ciyar da kuliyoyi da karnukan layinku a matsayin sadaka. Attajirai sukan bar waƙafi don ciyar da dabbobin titi. A birnin Bursa har gidan jinyar shamuwa aka gina. Marubucin Amurka Mark Twain, da ya ziyarci birnin a 1867, ya yi mamakin yadda karnuka ke barci a tsakiyar titi mutane suna kauce musu.

Kuliyoyi kuwa har gobe su ne sarakan gari. Wata mai suna Gli ta zauna cikin ginin tarihi na Aya Sofiya shekara da shekaru, Barack Obama ya shafa ta lokacin ziyararsa ta 2009, kuma da ta mutu a 2020 sai da jaridu suka buga. A 2016 hotunan liman Mustafa Efe sun zagaya duniya, bayan ya bar ƙofar masallacinsa na unguwar Uskudar a buɗe don kuliyoyi su samu mafakar sanyi, har wata ta riƙa ɗauko 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a kan mumbari.

Irin waɗannan labarai suna da daɗin ji, kuma saboda daɗinsu mutane ke mantawa da ɗaya gefen. Titi ba gida ba ne. Dabbar da kowa ke jefa wa abinci, ranar da mota ta take mata ƙafa ba mai ɗaukarta ya kai ta asibiti. A 2004 Turkiyya ta kafa doka mai lamba 5199, wadda ta ce a kama karen titi, a yi masa aikin hana haihuwa, a yi masa allurar rigakafi, a maƙala masa alama a kunne, a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Tsarin mai kyau ne, amma yana buƙatar a yi wa mafi yawan karnukan gari aiki cikin ƙanƙanin lokaci, in ba haka ba waɗanda suka rage za su cike gurbin da haihuwa. Ƙananan hukumomi da yawa sun yi sakaci, karnuka suka yawaita a bayan gari suna yawo garke-garke. A 2022 wata yarinya a lardin Antalya ta faɗa gaban babbar mota tana gudun karnuka, ta rasu, ƙasar ta ɗauki zafi. A ƙarshen watan Yulin 2024 majalisa ta gyara dokar: a kwashe karnuka daga titi a kai su gidajen ajiya har sai an samu mai ɗauka, waɗanda suka zama haɗari ko cutarsu ba ta warkewa a kashe su ta hanyar allura. Dubban mutane sun yi zanga-zanga, suna tuna wa gwamnati 1910.

Lissafin gwamnati da kanta shi ya nuna inda gizo ke saƙar. A lokacin ta ce akwai karnukan titi kimanin miliyan 4, gidajen ajiya kuwa 322 ne, masu ɗaukar kare wajen 105,000. Wato cikin kowane kare 100, wurin bai ishi 3 ba. An ba ƙananan hukumomi wa'adi zuwa 2028 su gina ƙari, amma ko an gina, keji ma ba gida ba ne. Tsibiri bai warware matsalar ba, titi bai warware ba, keji ba zai warware ba. Abin da ke rage yawan dabbobin da ba su da mai su abu biyu ne, kuma dukansu a hannun mutum ɗaya-ɗaya suke: a daina barin na gida suna haihuwa barkatai, kuma wanda yake da hali ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ke waje ya ce wannan tawa ce, cinta da lafiyarta a wuyana.

Ingilishi sun daɗe da mayar da wannan ɗauka aiki mai tsari. A 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan ɓatattun karnuka a Landan, jaridu suna yi mata ba'a cewa ga talakawa na kwana da yunwa ita tana ta karnuka. A 1871 gidan ya koma unguwar Battersea, a 1883 ya fara karɓar kuliyoyi, kuma yana nan har yau. Ba a zuwa a nuna dabba a ce a ba ni waccan. Sai an tambaye ka ko gidan naka ne ko haya, akwai ƙananan yara, awa nawa gidan ke zama ba kowa. Kafin a miƙa maka ita an yi mata rigakafi, an yi mata aikin hana haihuwa, an sa mata 'yar ƙwayar na'ura ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar da za a gane mai ita. Daga wannan gida aka ɗauko Larry a 2011, muzurun da ke zaune a fadar firaministan Birtaniya. Ya zuwa 2024 ya yi zamani da firaminista shida, biyar daga cikinsu sun zo sun tarar da shi, yawancinsu sun tafi sun bar shi.

Mu a wurinmu ba Battersea. Kyanwa takan zo ne da ƙafarta, ko yara su tsinto ta a kwata, ko a ji kukan jarirai a bayan buhunan gero. Kuma muna da karin maganar da ke sage gwiwa tun kafin a fara: tsintacciyar mage ba ta mage. Masu maganar ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani suka faɗa. An kawo babbar kyanwa gida an sake ta a tsakar gida, yara sun yi mata caa, gari na wayewa ba ita ba alamarta. Sai dai laifin ba na tsintuwa ba ne. Kyanwa da wuri take sabawa kafin ta saba da mutum, kuma duk inda aka kai ta tunaninta na farko shi ne ta koma inda ta sani. Maganin abin shi ne ɗaki ɗaya a rufe na sati biyu zuwa uku, da ruwa, da abinci, da tsohon baho cike da yashi a lungu nesa da abincin. In ta shige ƙarƙashin gado a ƙyale ta, kada a jawo ta. Za ta ci da dare in kowa ya kwanta. Ranar da ta fito ta goga kumatunta a ƙafar kujera ko a ƙafarka, ta sa wa gidan ƙamshinta ke nan, daga nan ana iya buɗe mata ƙofa.

Akwai kyanwar da karin maganar ta yi gaskiya a kanta ɗari bisa ɗari. Wadda aka haifa a kango ta wuce wata biyu hannun ɗan Adam bai taɓa ta ba, da wuya ta yarda da zaman ɗaki, tsare ta azabtarwa ce. Alherin da za a yi mata shi ne rigakafi da abinci a inda take. Haka kuma jariran da aka tsinta ba lalle marayu ba ne. Sau da yawa uwar ta fita neman abinci ne, ko tana cikin kwashe su zuwa wani wuri. A ja baya a jira wasu awoyi. In sun tabbata marayu, aikin ba ƙarami ba ne: ɗumi kafin komai, domin jaririn kyanwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa, sannan shayarwa duk bayan awa biyu ko uku har cikin dare, da shafa musu ƙasan ciki da tsumma mai ɗumi bayan kowace shayarwa, don ba sa fitsari ko kashi sai uwa ta lashe su. Madarar shanu zalla tana sa su zawo, zawo kuwa yana kashe su cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai madararsu ta musamman a wurin likitocin dabbobi.

Kafin tausayi ya kai hannunka jikin kowace dabbar titi, akwai cutar da dole a yi maganarta ba kwana-kwana, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka ta cizon kare ake ɗauka, amma kyanwa ma tana ɗauka tana bayarwa. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai a yi addu'a. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da cizo ba. Wani lafewa yake yi, muƙamuƙi a sake, yawu na dalala, yana tangaɗi, har ya ba ka tausayi ka ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa a wuya. Kada ka sa hannu a bakinsa. Kuma ƙwayar cutar takan yi wata biyu ko uku a jiki ba alama, don haka kwikwiyon da aka tsinto yana wasa ba shaida ba ce cewa lafiyarsa ƙalau. A keɓe shi daga yara, likita ya fara ganinsa.

In cizo ko yaƙushi ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, sannan a tafi asibiti a ranar don allura. Ba toka, ba barkono, ba jiran a ga abin da hali zai yi. Karen da ya yi cizon in ana iya tsare shi a tsare shi kwana 10 ana lura, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allurar. Allurar kare kuwa ba ta kai ta mutum tsada ko kusa ba. Ana yin ta yana wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda ta fara aiki tun 1924, tana haɗa ta a cikin gida. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari, cutar ba ta samun hanyar yawo. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da asibitocin koyarwa na dabbobi, manyan garuruwa kuma suna da asibitin dabbobi na gwamnati. A ziyarar farko za a ba da maganin tsutsar ciki, a duba kaska da ƙuma da ƙazuwa, a fara sauran alluran, musamman na zawon jini da ke kashe 'yan kwikwiyo.

Batun ci yana da tarkonsa. Kare yana iya rayuwa da tuwo da shinkafa in ana haɗa masa da nama ko kifi ko ƙwai. Kyanwa ba haka take ba, jikinta na cin nama ne, in aka daɗe ana ba ta tuwo zalla idonta da zuciyarta za su lalace. Ragowar kifi, kayan ciki dafaffe da ƙwai sun wadatar, ba sai abincin gwangwani ba. Albasa da tafarnuwa suna fasa musu ƙwayoyin jini, su biyun, saboda haka miyarmu ba tasu ba ce. Cakulan da goro da inabi guba ne ga kare. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Mafi muni shi ne farasitamol: ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, kuma galibi mai ƙaunarta ne ke ba ta don ya ga jikinta da zafi. Wanda ya ajiye kyanwa kuma ya yi sallama da shinkafar ɓera, domin ɓeran da ya ci guba shi ne mafi sauƙin kamu. Mai juna biyu ta bar wa wani kwashe yashin bahon, akwai ƙwayar cuta a kashin kyanwa da ke iya taɓa ɗan tayi.

Sai haihuwa, inda mafi yawan masu kyakkyawar niyya ke karaya. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida. Cikin wata biyu ne da 'yan kwanaki, takan haifi huɗu ko biyar, kuma tana iya yi sau biyu ko uku a shekara. Ka ɗauki ɗaya don Allah, shekara na zagayowa kana da goma sha, uwargida ta ce ita ko su. Fiɗiyar muzuru aikin 'yan mintoci ne, tana kuma rage masa yawon dare da faɗa da fitsari a bango. Ta mace tiyata ce, ta fi tsada, amma sau ɗaya ake yi. Malamai da dama sun halatta wannan in akwai maslaha kuma an yi ba da azabtarwa ba, wato a hannun likita da allurar kashe zafi, ba a hannun yaran unguwa da reza ba.

Kyanwa ba ta da matsala a fiƙihunmu. Hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ya tabbatar da cewa ba najasa ba ce, kuma kowane ɗalibi ya san labarin matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Da yawanmu mun ga bidiyon limamin nan na Aljeriya da kyanwa ta haye kafaɗarsa yana tsakiyar tarawihi a azumin 2023, bai katse karatu ba. Kare ne ake kai ruwa rana a kansa. Hadisai sun yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, wannan kuwa ba abin wasa ba ne. Amma mazhabar Malikiyya da muke bi tana ganin kare mai rai tsarkakakke ne har yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sa wa baki sau bakwai kuma bin umarni ne ba don najasa ba. Masu sharhin Risala sun kawo cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron cutarwa, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. A ganina, mai gidan da ya ɗauki karen titi don gadi, ya yi masa rumfa a waje ba cikin ɗaki ba, yana kan turba mai tushe. Wanda ba shi da hujja shi ne mai jifa, da mai zuba wa kare tafasasshen ruwa don ya shigo masa gida. Hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare da ruwan rijiya a cikin huffinsa yana cikin Buhari da Muslim, littattafan da gargaɗin yake ciki.

Kuskuren masu karen gadi shi ne ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a rana wuni guda, wai don ya yi zafi. Zafin yana yi, amma ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci, kuma ranar da sarƙar ta tsinke yaro ne zai fara gamuwa da shi. Karen da aka tsinto yawanci ya sha jifa, don haka yana tsoron ɗaga hannu da sanda. A koya wa yara kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kada su ja wutsiya, kuma kada a bar ƙaramin yaro da shi su kaɗai komai sabo. Karnukanmu na gida, irin na mafarauta da makiyaya, sun fi na waje jure zafi da kaska, cinsu ma bai kai nasu ba. Abin mamaki ne a ga mutum ya kashe dubban ɗaruruwa kan kare mai gashin ƙasar ƙanƙara yana haki a zafin Afrilu, alhali ga 'yan kwikwiyo a bayan layi ba mai so.

Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13, kyanwar gida takan kai 15 ko ta wuce. Yaron da ya tsinto ta yana aji uku zai gama sakandare tana nan, saboda haka shawarar ta manya ce ba ta yara ba, kuma uwargida ce ta farkon tambaya, tunda ita ke wuni da ita. In an ɗauka daga baya abin ya gagara, ko tashi ya kama, a nemi wanda zai karɓa. Masu shagon hatsi da masu rumbu da masu gidan burodi kullum suna neman kyanwa, masu gona da garke suna neman kare. A ba su dabbar tare da katin allurarta. Don Allah kada a sa ta a buhu a ɗaure baki a kai bola.